Masu Kallo Goma Sha Ɗaya

A saman gidan burodin Yasna, a Valparaíso,
inda titi ke hawa tudu yana haki,
muke haɗuwa duk daren Juma'a,
mu tara, da allo uku, da fanka mai tari.
Ƙanshin burodin gobe na biyo matakala,
yatsu na dukan maɓallai,
ni kuwa nawa aikin kyamara da wayoyi:
in kai dambenmu na cikin allo ga duniya, kai-tsaye.

Duniyar, in faɗi gaskiya, mutum goma sha ɗaya ce.

Da fari abin ba kyan gani.
Hoto ya daskare daidai saukar naushi,
murya ta riga baki,
ko ta iso bayan an gama dariya.
Makirufo ya fi sauraron injin kwaɓa fulawa
a kan Ximena mai yi mana sharhi.
Na rataya barguna biyu, amsa-kuwwa ta mutu.
Na jawo doguwar waya daga ƙasa, na daina dogaro da iska.
Na lulluɓe fitilar tebur da farin ƙyalle
har fuskokinmu suka bar kama da na 'yan jinya.
Sannu ba ta hana zuwa.

Sai maganar dandali ta taso.
Eleodoro ya ce a koma babban,
can kasuwa ke ci,
wa ke kafa shago a lungu ya jira ciniki?
Ximena ta ce cikar kasuwa haɗiye ƙaramin faranti take,
kuma talla za ta faɗo tsakiyar zagayen ƙarshe
kamar baƙon da bai iya sallama ba.
Aníbal ya baje takardar naɗe burodi
yana raba ribar da ba mu taɓa samu ba.
Aka yi ta ja har shayi ya huce.

Ban ce uffan ba. Sunayen masu kallo nake dubawa.
Na bakwai Baltasar ne,
wanda ya koya mana tare duka kafin ramawa,
yanzu yana can kudu mai nisa, yana kiwon kifi a kejin teku,
a ɗaki mai iyo, inda sabis ke zuwa ya koma kamar igiyar ruwa.
Saƙonsa na makon jiya na nan:
“Na ga rabin wasa. Sauran na ƙiyasta.”

Na karanta musu. Fanka kaɗai ta amsa.

Muka bar gardama, muka koma gwaji.
Juma'a ɗaya a babban dandali:
da'ira ta yi ta juyi a wayarsa har barci ya ɗauke shi.
Ta biyu a ƙaramin, wanda ba kowa ya san sunansa ba,
mai barin hoto ya rage ado don ya samu wucewa.
Hoton ya isa dishi-dishi, kamar ta gilashin da ruwa ya jiƙa,
amma bai yanke ba.
Ƙarfe ɗaya saura, rubutu ya hau gefen allo:
“Eleodoro har yanzu yana tsalle ba dalili.”

Eleodoro ya ajiye abin wasan,
ya yi dariya har ya goge ido da gefen riga,
shi ya fara ɗaga hannu.

Ba mu yi suna ba. Takardar Aníbal ta koma naɗe burodi.
Bargo ɗaya ya faɗo, na sake kafa masa ƙusa.
Sai dai jiya lambar ta motsa, ta ce goma sha biyu.
Na sauka shan ruwa, na tarar da Yasna,
hannu dumu-dumu da ƙullu,
waya jingine da buhun fulawa,
tana son ta ga abin da ke girgiza mata rufi
tun shekara uku.